Mai Akumarin da Ya Zaunar da Rumaisa'u

Kafin masu ƙosai su ɗora kasko, Baba Danyel ya riga ya share rumfarsa da ke bayan kasuwar dabbobi ta Dogon Dutsi. Sai ya shimfiɗa buhu, ya jera basilla da zare da ɗan curin kakin da yake murza zaren da shi. Daga nan ya sunkuyar da kai ya yi addu'arsa ta Kirista, gajeriya, don a cewarsa Allah ba kurma ba ne. Matarsa Dorkas takan aiko masa da koko, ya sha rabi ya manta da rabi. In rana ta ɗan ɗaga, masu amalanken jaki, abin da muke kira sharet, su fara ɗaure dabbobinsu a gindin bedi, wato darbejiya, suna jiran sa. Sana'arsa ɗinkin akumari, katifar nan da ake ɗora wa jaki a baya don kada kaya su ci masa fata. Ba ya auna jaki da igiya. Tafin hannu yake bi da shi a gadon bayan dabba har ya gano inda nauyi ke dannawa, sannan ya san inda zai ƙara cushe da inda zai rage.

Ni ma'aikacin lafiyar dabbobi ne da ya ajiye aiki, kuma gyambon jakuna ne ya haɗa mu da shi shekaru da dama. Ni Bafulatani, shi Ba'are, wato ɗan Arewa, wannan yanki namu na Dogon Dutsi, don haka akwai wasa tsakaninmu tun kaka da kakanni. Na sha gaya masa duk Arewa babu wanda jakuna suka ɗauka ɗan'uwa kamarsa, shi kuma ya ce ai shi ya sa nake yini a rumfarsa. Yana da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita: ba a zaman banza a wurinsa. Ko kai wane ne, da ka ɗora ɗuwawu a benci sai ka ji ya ce, "Riƙa mini nan." Ya miƙo maka bakin buhu ko ƙarshen zare, kai kuma ka karɓa tun ba ka yi tunani ba. Na ga ya sa ɗan sanda da kakinsa ya riƙe masa zare, na ga ya sa alhaji da babbar riga.

Amma ba don jakuna na ɗauki alƙalami ba. A kusurwar rumfar akwai tarin tsofaffin bido, jarkokin nan masu ruwan ɗorawa da ake ɗiban ruwa da su. Da su Baba Danyel yake yi wa yara kujera, yaran da wuyansu ba ya ɗaukar kansu.

Abin ya samo asali ne daga cikin gidansa. Ɗansu na biyu, Albarka, ya zo duniya kyakkyawa, amma wata ya bi wata bai tsai da kai ba, bai zauna ba, ga farfaɗiya. A kwance Dorkas take ba shi abinci, kullum sai ya ƙware. Wata ma'aikaciya a asibitin mishan, cikin masu motsa wa marasa lafiya gaɓoɓi, ita ta nuna musu cewa yaro irin wannan a zaune ake ciyar da shi, ƙugu a daidaice, haɓa ta ɗan sauko, kunu kuma mai kauri. To amma wa zai yini riƙe da yaro, ga noma ga daka ga neman na sawa a baki? Baba Danyel ya dubi ɗansa, ya dubi akumarin da ke hannunsa. Ya yanka bido, ya cushe cikinsa da auduga da tsumma mai laushi, ya yi matashi ta kowane gefen kai, ya ɗinke. Ya kai wa matar nan ta gyara masa inda bai yi daidai ba, kuma har yau in ana yabon sa sai ya ce ita ta koya masa. Albarka bai kai shekara goma ba, amma abin da ya samu na rayuwa ya yi shi ne a zaune a ƙofar ɗaki, yana kallon kaji da masu shige da fice.

Bayan rasuwarsa mata suka fara zuwa ta bayan rumfa, goyo a lulluɓe, kamar masu sayar da kayan sata. Wasu mazan kuwa da fushi suke zuwa. Na ji wani ya ce masa, "Ɗana ba jakki ba na da za ka yi mishi akumari." Baba Danyel bai ko ɗaga kai ba. Ya ce, "Gaskiya taka. Jakki in abu ya dame shi shina harbi, shina birgima. Ɗanka ba shi iyawa, shi as sa ɗumkinai ya hi wuya." Mutumin ya nemi wuri ya zauna.

Ya kamata in faɗi abin da ke damun yaran nan, yadda wani likitan yara ya fahimtar da ni. Duk wanda ya taɓa fasa kan rago ya ga ƙwaƙwalwa da lanƙwasa-lanƙwasa a jikinta. Ta ɗan Adam ma haka take, kuma tun yaro yana ciki ake gina lanƙwasar nan, bisa umarnin ƙwayoyin gado da ke jikin kowa. Wani lokaci, cikin dubban haihuwa, sai ƙwayar gado guda ta samu tangarɗa, ginin ya tsaya a hanya. Wani yaron ƙwaƙwalwarsa ta fito sumul kamar bayan ƙwarya, wani kansa ya zo ƙarami, wani kuma wani sashe ne bai haɗu ba. Akwai wadda uwa da uba ke ɗauke da ita a ɓoye ba su sani ba, akwai wadda take faruwa a kan yaron kaɗai, babu ita a dangin kowa. Babu maganin da ke mayar da ginin. Akwai dai na rage farfaɗiya, akwai kuma kulawa. Mu kuwa a nan muna da namu bayanin a shirye: uwar ta bi ta gindin tsamiya da tsakar rana tana da ciki, aljana doguwa ta musanya mata ɗa. Ban zo faɗa da abin da kakanninmu suka yarda da shi ba, amma raina yana ɓaci in na ga kullum a kan uwa laifin yake sauka.

Wata yarinya, Rumaisa'u, tana cikin masu sumul ɗin ƙwaƙwalwa. An kai ta Yamai an ɗauki hoton kanta, an gani. Ranar da na fara ganin ta wata ranar kasuwa ce, tana da shekara huɗu ko kusa da haka, an sallamo su ke nan daga asibiti. Uwarta Karima, daga wani ƙauye kan hanyar Ɗan Kassari, ta shigo rumfa da ita a kafaɗa, ga tsohon ciki ya yi mata gaba. Da ta sauke ta a kan buhu sai na kau da ido, don yarinyar ba ta fi ƙashi da ido ba.

Karima ta durƙusa ta gaishe shi. Ta ce, "Baba, ga likita anka turo ni. Ciwon ƙirji ya sake kama ta. Lokotoro ya ce abinci ka bin hanyar iska shina sauka ga huhu, don kwance nike ba ta. Ya ce in anka sake, ba shi ce mini za ta tashi."

"Mi as sunanta?" in ji Baba Danyel.

Karima ta sunkuyar da kai, ta faɗa a hankali. 'Yar fari ce, kuma kowa ya san uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Amma wahala ta riga ta cinye mata rabin wannan kunyar.

Baba Danyel ya gaida yarinyar da sunanta, ya tambaye ta gajiyar hanya kamar yadda ake tambayar babba. Sannan ya ce ba ya yanka bido sai ya ga yadda yaro ke haɗiya a zaune. Wato mutum ɗaya ya riƙe, ɗaya ya ba da kunu, shi kuma ya bi bayan yaron da hannu ya ji inda jiki ke zubewa. Karima ta gwada ɗora ta a cinya, ciki ya hana. Ni da nake zaune har na miƙa hannu, don na saba. Sai na ga ya tsallake ni da ido, yana duban gindin bedi.

A can mijin Karima yake, Dalhatu mai sharet, wanda ya kawo su. Ya daɗe yana sayen akumari a rumfar nan, amma bai taɓa cewa yana da yarinya mara lafiya ba. Yana tsaye ya ba mu baya, yana kwance wata igiya yana sake ɗaure ta, igiyar da babu abin da ya same ta. Mutumin kirki ne, kada a ɗauka ba haka ba. Shi ya sayar da tunkiyarsa aka je Yamai, shi ke sayen maganin farfaɗiya. Abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife ta shi ne ɗaukar ta. In an yi magana ya ce 'yar fari ce, kowa ya ƙyale shi, don al'ada ta ba shi gaskiya. Daga baya shi da bakinsa ya gaya mini ba kunya kaɗai ba ce. Tsoro yake ji. Wata tsohuwa ta ce masa wanda ya dubi ƙwayar idon yarinyar zai ga aljanar da ke da ita, ya kuma sa a ransa cewa ranar da ya ɗauke ta a hannunsa za ta cika.

"Dalhatu," in ji Baba Danyel. "Taho."

Ya zo ya rusuna, yana zaton maganar akumari ce. Baba Danyel ya nuna masa benci, ya zauna. Kafin ya gyara zama, tsohon ya ɗago yarinyar ya ce, "Riƙa mini nan."

Hannun Dalhatu ya riga tunaninsa. Sai da nauyinta ya sauka a cinyarsa ya gane abin da ya karɓa. Ya dubi masu sharet da ke kewaye, abokan aikinsa, duk sun zuba ido. Ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Baba, ɗiyar hwari ta."

"Na sani. Ban ce ka kira sunanta ba, ban ce ka yi mata wasa ba. Riƙo na ce, kamar yadda kowa ka riƙa mini. Ko Bahillacen ga da bai iya komi ba shina riƙo."

Aka yi 'yar dariya, ni ma na bari ta wuce a kaina don na ga amfaninta. Dalhatu bai yi dariya ba. Ya ɗauke kai yana kallon rufin rumfa. Baba Danyel ya kama hannunsa na dama ya kai ƙeyar yarinyar, ya sa na hagu ya tare ƙugunta, ya tura ta ta jingina da ƙirjin ubanta. Ya ɗan saukar da haɓarta. Sannan ya ɗauki yatsan Dalhatu guda ya ɗora a maƙogwaronta, a hankali. Ya ce wa Karima ta ba ta kunu, rabin cokali, kada ta yi sauri.

Karima ta sa mata cokali a baki. Muka jira. Ni dai tari nake jira, don na ga yadda uwar ta riga ta ɗaga gefen zane za ta tare. Kunun ya daɗe a bakin yarinyar, sannan wuyanta ya motsa.

"Ta haɗe," in ji Dalhatu. Bai san ya yi magana ba.

"Kai ka ji, ni ban ji ba. Ƙara mata."

Aka ƙara, ta sake haɗiyewa. A cokali na gaba ta ɗan yi tari, Dalhatu ya zabura zai miƙa ta, tsohon ya danne masa kafaɗa ya ce ya sunkuyar da ita gaba kaɗan ya jira. Tarin ya wuce. A nan ne Dalhatu ya sauke idonsa daga rufi ya dubi fuskar 'yarsa. Ban san abin da ya yi zaton zai gani ba. Abin da ke wurin dai yarinya ce mai girar ubanta, da kunu a gefen baki. Ya sa babban yatsa ya share mata.

Duk wannan lokacin Baba Danyel yana durƙushe a bayansu, yana bin kafaɗarta da haƙarƙarinta da tafin hannu, yana lura da inda hannun uban ya tare. Da ya gama ya miƙe, ya tambayi Dalhatu, "In matarka ta haihu ta shiga jego, wa ka ba wagga abinci?"

Dalhatu ya dubi cikin matarsa.

"Kujera ni ka yin ta," in ji tsohon, "amma ba ta da hannu. Zaunar da ita kaɗai ta iya. Ka yi shawara."

Kujerar ta fito da siffar riƙon da Dalhatu ya yi, har da ɗan tudu a inda tafinsa ya tare ƙeya. Karima ta sauka lafiya, namiji, yanzu haka yana bin awaki da gudu. Duk tsawon jegon, Dalhatu ne ya ciyar da Rumaisa'u safe da yamma, kafin ya ɗaura jakuna da bayan ya kwance su. Mahaifiyarsa ta yi fushi, ta ce ya zubar da kunyar gidansu. Samarin ƙauye suka sa masa suna mai reno. Ya haɗiye duka. Ba zan yi wa mai karatu ƙarya ba: Rumaisa'u ba ta tafiya, ba ta magana, farfaɗiya ba ta rabu da ita ba, likitoci kuma ba su yi wa kowa alkawarin tsawon kwana ba. Amma ciwon ƙirjin nan da aka ce in ya dawo shi ke nan, sau ɗaya ya sake leƙo ta, kuma ta tashi.

Baba Danyel, kai ne wanda bai taɓa ce wa uwa zai warkar mata da ɗa ba, kuma bai taɓa ce mata ta je ta haƙura kawai ba. Kai ne mai tambayar ko an je asibiti kafin ka taɓa bido, mai faɗa in an bar maganin farfaɗiya ya yanke. Kujerunka suna Geceme, suna Dumega, suna gidajen limamai da gidajen 'yan bori da gidajen masu zuwa majami'a, ba ka taɓa tambayar wa ake bauta wa a gidan ba. Ɗan da ka binne bai sa ka rufe ƙofa ba. Basilla mai shiga inda allura ta kasa, yau Bafulatani ya yabi Ba'are a gaban jama'a, ka riƙe wannan da kyau don ba za ka sake ji ba.

Bana Baba Danyel ya ajiye aiki. Yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, babban yatsansa kuma ya daina iya tura basilla. Mata biyu cikin iyayen yaran sun koyi ɗinkin a hannunsa, Karima ɗaya ce, to amma mata biyu ba su isa Arewa ba. Ina kira ga masu sana'ar hannu, teloli da dukawa da kafintoci, ku je ku zauna da shi tun bakinsa yana iya bayani. Sauranmu kuma da ba mu iya ɗinki ba, kusan kowace unguwa akwai ɗakin da aka ajiye irin yaran nan. Ku shiga ku gaida uwar, ku karɓe ta ko na ɗan lokaci ta je ta yi wanka a natse. Iyaye maza, al'ada ta hana ku kiran suna, ba ta hana ku ciyarwa ba.

Da labarin ajiye aikinsa ya kai ƙauye, Dalhatu ya ɗauro sharet ya zo gidansa gaisuwa. Ina nan zaune. Kujerar tana ɗaure a gaba kusa da inda yake zama, Rumaisa'u a ciki, an yi mata kitso, an sa mata inuwa da zane. Ya kwance yarinyar daga kujerar, ya rungumo ta, ya tsaya gaban tsohon.

"Baba, amshi."

Baba Danyel ya miƙe, ya sa hannu biyu a ƙarƙashinta ya ɗaga. Ba ta ɗagu ba. Ya gyara tsayuwa ya sake, ya yi taga-taga, sai da Dorkas ta tare shi ta baya.

"Mi kuka ba ta, duwatsu?"

"Kunu na, Baba," in ji Dalhatu. "Rabin cokali, rabin cokali."

Tsohon ya koma ya zauna, aka ɗora masa ita a cinya. Ya fara dariya, dariyar ta juye, ya kifa fuskarsa a kan kitson yarinyar. Babu wanda ya ce masa ya yi haƙuri, don ba abin haƙuri ba ne.

Mun gode, Baba Danyel. Allah ya saka maka, ya ba ka hutu mai daɗi. Yarinyar da aka sauke a rumfarka ƙashi da ido, yau ta fi ƙarfin hannunka.